Injin wanki ya tsaya da ruwa a cikinsa: kada a sayi kati tukuna

Hajiya, tambayarki ta iso gare ni. Kin ce injin wankinki LG ne mai ƙofa a gaba, na hannu kuka saya, kuna zaune a Sabon Gari nan Damagaram. Shekaranjiya ya yi wankinsa lafiya, da ya zo wurin zubar da ruwa sai ya yi ta gurnani, can ya tsaya ya rubuta OE. Ƙofa ta ƙi buɗuwa, kayan makarantar yara suna jiƙe a ciki har yau. Wani mai gyara ya leƙa ya ce kati ne ya ƙone, a kawo kuɗi ya aika a sayo daga Kano. Kina tambaya ko ki bayar.

Kada ki bayar tukuna. Na daɗe ina wannan aiki, kuma a cikin injinan da ake kira na a kansu don sun ƙi zubar da ruwa, waɗanda katinsu ne ya mutu ba su taka kara sun karya ba. Kati shi ne ƙwaƙwalwar injin, shi ya fi kowane ƙaramin kaya tsada, kuma shi ake zargi a ƙarshe bayan an bi hanyar ruwa kaf ba a ga komai ba. Bayanin da kika yi ma ya wanke shi. OE a injin LG ma'anarsa ɗaya ce: na ba da umarnin a fitar da ruwa, na jira, ruwa bai ragu ba. Katin da ya iya ba da umarni, ya ƙirga lokaci, ya rubuta miki ƙorafinsa a allo, yana aikinsa. Gurnanin da kika ji kuwa muryar ɗan injin da ke zuƙe ruwa ce, wanda mu masu gyara muke ce wa pomp. Tunda ya yi gurnani, wuta ta kai masa. Wani abu ne ya hana shi juyawa ko ya toshe masa hanya. A Samsung wannan ƙorafi 5E ko 5C ake rubutawa, a Bosch E18, duk magana guda ce.

Farko dai a zare wayar injin daga bango, ba a kashe shi da maɓalli kawai ba. Ina nanata wannan domin gidajenmu da yawa babu wayar ƙasa, mai kare mutum daga jan wuta, a cikin lantarkinsu, ga siminti jiƙe, ga mutum ba takalmi. Ki sa silifa na roba, hannunki a bushe. Naki ruwan ya kwana biyu, ya huce, amma duk wanda nasa ya tsaya a wankin zafi na digiri 60 ko 90 ya jira sa'a guda ko fiye kafin ya buɗe komai. Kuma don Allah kada a ja ƙofa da ƙarfi. Injin da gangan ya kulle ta saboda ya san akwai ruwa a ganga, wato inda ake zuba kaya. Mariƙin roba ne, yana karyewa, kuma neman irinsa a garin nan ya fi gyaran da ake shirin yi wahala.

Ki duba gaban injin daga ƙasa, ta hannun hagu ko ta dama, akwai wata ƙaramar murfi mai kusurwa huɗu. A ɓalle ta da bakin cokali. A ciki za ki ga babban murfi mai zagaye kamar na jarka, shi ne mataci, a gefensa kuma ɗan siririn tiyo baƙi mai toshi a baki. Da tiyon za a fara. A jawo shi waje, a tara faranti ko tire mai faɗi tunda wurin yana kusa da ƙasa, a cire toshin. In tire ya cika a toshe da yatsa, a juye a bokiti, a sake. Abin na son haƙuri, don ganga takan riƙe lita goma zuwa ashirin, kusan jarka guda. Ruwan kada a zubar da shi a banza, a wanke makewayi da shi, mu da muke sayen ruwa wurin ƴan garuwa mun san darajarsa. In injin ba shi da wannan siririn tiyo, a sauko da babban tiyon baya ƙasa a sa bakinsa a roba, ruwa zai gangaro da kansa muddin ba can ne toshewar take ba. Bayan ruwa ya fita, ƙofa takan saki da kanta cikin ƴan mintuna. In ba ta saki ba, a mayar da toshin, a maida wuta na ɗan lokaci a kunna a kashe, a saurari ƙarar makulli.

Sai mataci. A shimfiɗa tsummoki, a murɗa shi hagu sannu a hankali, ragowar ruwa zai biyo. In ya ƙi murɗuwa kada a sa filaya a tilasta masa, alama ce wani abu ya gitta a bayansa, sai a yi ta kai da komowa da shi kaɗan kaɗan har ya saki. A nan ne mafi yawan labarin yake ƙarewa. Abin da hannuna ya ciro daga wannan rami ba ya lissafuwa: kuɗin ƙarfe, fil ɗin hijabi, ƙwallon dabino, guntun asuwaki, ƙwayoyin carbi da ya tsinke a aljihun jallabiya, duwatsun leshi, roban ɗaure kitso, safar jariri, maɓalli. Duk waɗannan zare da gashi sukan naɗe su su zama dunƙule guda mai wari. A ƙasansu kuma yashi, kullum yashi.

Bayan an cire matacin kada a tsaya nan. A haska ramin da fitilar waya. Can ciki za ki ga ƴar farfela ta roba mai fukafukai. Ki sa yatsa ki juya ta. Lafiyayya ba ta juyawa sumul, tana ɗan turjewa tana tsalle, mataki mataki, saboda maganaɗisun da ke cikinta. Mutane da yawa sukan ji wannan turjiya su ce ta lalace, alhali ita ce shaidar lafiya. Wadda ta cije ko kaɗan ba ta motsi, wani abu ya shige bayanta, galibi zare ko roba ya naɗe a gindin, a zaro da ƙugiyar waya. Wadda kuma take wulwulawa ba turjiya, ko take rawa gefe da gefe kamar haƙorin da zai faɗi, ta rabu da sandarta, pomp ɗin ya gama yayi. A duba kuma ɗan ramin da ke gefe ko sama, inda ruwa yake bi ya nufi tiyon baya.

Wannan ramin ya taɓa koya mini darasi a wani gida a Birni. Injin nasu wata rana ya zubar da ruwa, wata rana ya ƙi. Kafin in zo wani ya canza musu kati, an biya, kwana uku abin ya dawo. Na buɗe mataci, tas yake. Farfela lafiya. Na kunna ya zuba, na sake kunnawa ya ƙi. Sai da na kwance pomp ɗin gaba ɗaya na ɗaga shi wajen haske, na hango dala ashirin a tsaye a bakin mafita, daidai faɗin bututun. In ta kwanta a gefe ruwa ya wuce, in ruwa ya bugo ta sai ta juya ta rufe hanya ruf kamar murfin tukunya. Ta yi baƙi ƙirin, da ƙyar ake gane rubutun jikinta. Na miƙa wa uwargidan a tafin hannu, ta daɗe tana kallonta ba ta ce komai ba. Kuɗin da aka kashe a kati ba su dawo ba, kuma tsohon katin mai lafiya mutumin ya tafi da shi. Abin ya yi mini ciwo har yau, shi ya sa da na karanta tambayarki ban yi jinkirin cewa a dakata ba.

In mataci ya fito da tsabta, a koma baya wajen babban tiyo. Sau da yawa an tura injin ya matse bango ne tiyo ya lanƙwashe, wannan gyaransa jan injin gaba kawai. Amma a Damagaram matsalar tiyo ta wuce haka. Tiyon da ke zuwa da injin gajere ne, bai fi mita ɗaya da rabi zuwa biyu ba, mu kuwa gidajenmu ba a gina su da wurin injin wanki ba. Sai a ɗauko tiyon ban ruwan fulawa a haɗa, a ja shi ya ratsa tsakar gida har rariya. Shi ya fi na asali ƙanƙanta, ga tsawo, ga shi kwance a ƙasa yashi yana taruwa a cikinsa, ana taka shi, rana tana gasa shi. Pomp ɗin injin wanki ɗan ƙarami ne, wat 30 zuwa 40 yake ci, ba a yi shi don tura ruwa tafiya mai nisa ba. In dole ne a ƙara, a ƙara da mai faɗi daidai ko fiye, a gajarta iya yiwuwa. Gwajin mai sauƙi ne: a raba haɗin, a sa bakin tiyon asali a bokiti, a zuba ruwa kaɗan a injin a sa shi a zubarwa. In ya fito da ƙarfi, laifin yana daga haɗin zuwa gaba, ko ƙarin tiyon, ko bututun bango, ko gologon da ya cika, musamman in damina ta sauka.

Tsayin tiyon ma yana da ƙa'ida. Injin mai pomp irin naki yana son tiyo ya hau sama tsakanin santimita 60 da mita guda daga ƙasa kafin ya sauka. In ya wuce haka pomp ya wahala. In kuma aka yasar da shi a ƙasa, ruwa zai yi ta zurarewa yayin da injin yake ƙoƙarin cikawa, a wayi gari tanki ya ƙare wanki bai yi ba.

Akwai kuma wani baƙin tiyo mai kauri, mai lanƙwasa kamar maƙogwaro, da ya haɗa gindin ganga da pomp. Nan safa da ɗan kamfai na yara suke maƙalewa bayan sun zurara ta gefen roban ƙofa. Alamarsa ita ce an buɗe siririn tiyo ko mataci ruwa yana ɗiga kaɗan kaɗan alhali ganga cike take. Kai wa gare shi sai an karkata injin ko an cire bangonsa, da filaya ta buɗe ƙarfen da ya shaƙe shi. In akwai namiji mai hannu a gida zai iya, in babu a bar wa mai gyara, aikin minti talatin ne kuma ba a sayen komai.

Bari in daɗe kaɗan a kan yashi da omo, domin su ne ke kashe pomp a garin nan tun bai tsufa ba. Kowa ya san halin ruwa a Zinder. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan famfo daga nesa ake jawo shi, daga Gogo Machaya da Arungusa da Ganaram, kuma lokacin zafi unguwanni da yawa sai an tara a tanki ko duro. Ruwan da ya bi jarka ya kwana a duro yana da laka a gindi. Ga kayan da kansu: ƙurar hunturu, yashin da yara ke cika aljihu da shi, tabarmar salla da bargo. Sandar farfelar pomp tana juyawa ne a cikin ƴar siririyar roba da ke hana ruwa shiga wurin maganaɗisu. Yashi yana cin wannan roba a hankali, ya shige ciki, sai pomp ya fara ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, daga baya ya cije. Masu zuba ruwa da bokiti ta wurin omo saboda famfo ba ƙarfi, su tace da ƙyalle mai tsabta, kada su kwarara na gindin duro. Kayan yara a kakkaɓe su a juye aljihu. Wannan kaɗai yana ƙara wa pomp shekaru.

Omo kuwa, wanda muke saya a kanti a ƙulli ko a leda na wankin hannu ne, an yi shi don ya yi kumfa. Injin mai ƙofa a gaba kumfa abokin gabansa ne. Farfela ruwa take turawa, in ta sami kumfa sai ta yi ta bugun iska. Ƙari a kan haka kumfar tana ruɗa ma'aunin ruwa, injin ya ɗauka ganga a cike take. In kin leƙa gilashin ƙofa kin ga fari fat har sama, a bar shi ya kwanta, a zubar ta ƙasa, a ɗauraye ba omo sau ɗaya ko biyu. Daga nan a nemi na injin, in bai samu ba a rage na hannun sosai. Yawan kumfa ba shi ne fitar datti ba.

Sai wuta. Irin wannan pomp an yi shi don bolt 220 zuwa 240. Da yamma lokacin zafi, sa'ad da kowane gida ya kunna fanka da firiji da na'urar sanyaya ɗaki, wuta takan yi rauni a wasu unguwanni, haka ma a kan ƙaramin janareto. Pomp ɗin da ya riga ya gaji sai ya kasa tashi, ya yi ta kakkarwa a wuri guda. In kin lura da safe yana zubarwa da yamma yana ƙi, ki faɗa wa mai gyara, ya auna wutar soket kafin ya kwance komai.

To, in an bi duk wannan hanya ta fito fes kuma har yanzu ruwa bai fita ba, nan ne mai gyara zai ciro mitarsa ta awon lantarki. Ki tsaya a kansa ki gani, haƙƙinki ne. Zai zare wayoyi biyu na pomp ya auna naɗin wayar da ke cikinsa: irin na gama gari yakan nuna wajen om 150 zuwa 250. In mita ba ta nuna komai ba, naɗin ya yanke, sai sabo. Wasu sababbin injina suna da pomp mai ƙaramar wuta da wayoyi fiye da biyu, shi aunonsa daban ne, kuma ba a jona masa wutar bango don gwaji. Wasu LG ɗin kuma pomp biyu gare su a jikin mataci ɗaya, ɗaya na zagaya ruwa, ɗaya na zubarwa, a tabbata wanda ake canzawa. Bayan haka ya bi wayoyin da idonsa tun daga pomp har kati. Ɓera yana son ƙarƙashin injin wanki, na sha samun waya a gutsure ƙwal, gyaranta ɗauri da salatif. Sai ya auna ko wuta tana isowa bakin pomp lokacin da injin ke kan zubarwa. Pomp lafiya, waya lafiya, makullin ƙofa lafiya, wuta ba ta zuwa: a nan kaɗai maganar kati ta halatta. Ko a nan ma, sau da yawa ɗan ƙaramin abu guda ne ya ƙone a jikin katin, ko kyankyaso ya mutu a kai ya haɗa layi, mai gyaran talabijin da ya ƙware zai iya canza shi ba tare da an sayi duka ba.

Idan pomp ne ya mutu, abin da sauƙi. Kamfanoni da yawa pomp iri ɗaya suke sawa, abin dubawa shi ne yadda yake kamawa, da kusoshi uku ko da murɗawa, da inda wayoyinsa suke. A tafi da tsohon a hannu Kasuwar Dole ko wurin masu kwance tsofaffin injina a gwada ido da ido, in ba a samu ba a aika hotonsa gaba da baya ga mai sayowa daga Kano ko Maraɗi. Na hannu in za a saya, a juya farfelarsa a ji turjiyar nan, a girgiza a ga ba ta rawa. Kuma duk abin da aka cire daga injinki a bar miki shi a gida.

Wani lokaci kuma ruwa ya fita tas, amma pomp ya ƙi yin shiru, injin ya ƙi matse kaya, ƙofa a kulle. Wannan ma'aunin ruwa ne. Ɗan faifai ne a sama ƙarƙashin murfin injin, siririn tiyo ya taso masa daga gindin ganga, da matsin iskar da ke cikin tiyon yake gane yawan ruwa. In dattin omo ya toshe gindin tiyon, iska ta maƙale, sai ya yi ta cewa akwai ruwa. A zare tiyon daga jikin faifan a hura shi zuwa ganga har a ji ya buɗe. Wanda kuma ruwansa ya fita, ƙofa ta buɗe, kaya ne kawai suka fito sharkaf, matsalarsa ba ta zubarwa ba ce. Ko kaya sun taru gefe guda, LG yakan rubuta UE, ko bel, ko gawayin motar da ke juya ganga.

Maƙwabtanki masu injin mai baki biyu, na wanki da na matsa, wanda ya fi yawa a gidajenmu, kada su nemi mataci a ƙasa. Yawancinsu ba su da pomp sam, ruwa da nauyinsa yake gangarowa, don haka su tiyonsu dole a kwantar da shi ƙasa, kishiyar naki ke nan. In an murɗa maɓallin zubarwa aka ji shi sakwaf ba nauyi, igiyar da ke jan toshin ce ta tsinke ko ta zame. A buɗe bangon baya, za a ga wani murfi mai murɗawa a gindin baho, a cikinsa toshin roba da sifirin. A wanke, a cire maɓalli ko kuɗin da ya gitta, a maida igiyar.

Ke dai naki, Hajiya, yau ɗin nan a zubar da ruwan a fitar da kayan, don kwana biyu a jiƙe sun fara wari kuma masu launi za su zuba a kan farare. A ɗauraye su da hannu a shanya. Wajen maida mataci a share bakin roban, a murɗa shi dama har ya tsaya cak, a tabbata toshin siririn tiyo ya koma, in ba haka ba za a sami tafki a ɗaki. Sannan a zuba ruwa kamar rabin bokiti ta wurin omo, a sa injin a kan matsewa ba kaya a ciki, ki tsaya kusa ki saurara. In kin ji ruwa yana gudu a tiyo, daga baya pomp ya koma wata ƙara ta shaƙar iska, ya warke. In gurnanin ya dawo ko kuma shiru kika ji, ki rubuto mini wanne ne a ciki, da abin da aka samu a matacin, da yadda farfelar ta yi a yatsanki.